Waƙar Wa'azi da Hukuncin Lahira: Gadon Haɗeja da na Dante

Waƙar wa'azi ita ce waƙar da ake tsarawa domin a tuna wa mai sauraro mutuwa, kwanciyar kabari, tsayuwar Alƙiyama da sakamakon da ke jiran kowane aiki. Tana cikin mafiya daɗewa a rubutattun waƙoƙin Hausa, kuma ita ce ta fi shiga lungu da saƙo, domin wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ma ya haddace baitocinta daga bakin makafi ko daga bakin kakarsa. Mawaƙin da ya ɗauki wannan hanya dole ya yi magana a kan abin da ido bai gani ba, wato wuta da Aljanna, kuma a nan wata tambaya ta addini take tasowa. Ina iyakarsa? An yarda ya siffanta azabar mai cin amana. To, an yarda ya nuna wani mutum da sunansa ya ce ga shi can cikin azabar? Malaman ƙasar Hausa, har da mawaƙan Haɗeja, sun amsa tambayar ta wata hanya. Dante Alighieri, babban mawaƙin Italiya na ƙarni na 14, ya amsa ta wata hanyar dabam.

Haɗeja da gadon wa'azi

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa. Yana ratsa Wudil da ƙasar Ringim, ya wuce Haɗeja, ya bazu cikin fadamun da suka miƙe har Nguru, kafin ruwansa ya gamu da na kogin Jama'are ya nufi tafkin Cadi. Da wannan ruwa ake noman shinkafa da kayan lambu, a cikinsa masunta suke kamun kifin da ya yi wa kasuwar garin suna. Shi ne kuma yake tumbatsa a ƙarshen damina ya ci gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Idan ruwa ya fara hawa, matasan gari sukan kwana a bakin jinga suna ɗura yashi a buhuna suna jerawa, wani da shebur, wani da fitila, kunnen kowa na wajen masu kawo labarin inda ruwa ya kai. Mutanen da suka tashi a irin wannan ƙasa sun san darajar gargaɗi, sun kuma san cewa mai gargaɗi ba ya tsayawa zaɓen gidan da ruwa zai ci. Aikinsa ya ce ruwa na tafe. Haka malaman wa'azi suka ɗauki nasu aikin.

Ƙasar Haɗeja tsohuwa ce a tarihin Hausa, domin Garun Gabas, wato Biram ta Hausa Bakwai, tana cikinta. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sambo ya kafa mulkinsa a garin wajen 1808, kuma zuriyarsa ke riƙe da sarautar har yau. Tare da tutar jihadi aka samu yaɗuwar littattafan Sakkwato da waƙoƙinta. Shehu, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, ya yi rubutu da Larabci domin malamai, ya kuma tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa domin makiyayi da manomi da matan da ke cikin gida. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ci gaba da aikin, ta horar da jajoji masu kai waƙoƙin karantarwa ƙauyuka a tsarin da aka sani da 'Yan Taru.

A zaurukan Haɗeja, kamar sauran garuruwan Arewa, akwai mawaƙan zamanin da waɗanda aka sani ciki da bai. Alfazazi, mutumin Andalus mai Ishiriniya, ya rasu a 1230. Busiri na Masar, mai Burda, ya rasu a ƙarshen ƙarni na 13, lokacin da Dante yake matashi a garinsu. Har yau idan watan Maulidi ya kama, za a ga malami zaune a kan buzu bayan sallar isha'i, ya zaro warƙoƙi daga gafaka, yana rera baiti da Larabci yana fasa shi kalma-kalma da Hausa, almajirai na amsawa. Waɗannan waƙoƙin yabo ne. 'Yar'uwarsu waƙar wa'azi ta fi yawo a kasuwa da ƙofar gida, inda makaho ke tafe riƙe da sanda, ɗan jagora a gaba da ƙoƙo, yana jero baitocin mutuwa da hisabi. Ta wannan hanya Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, ta kai ko'ina a ƙasar Hausa.

Mu'azu Haɗeja

Sunan da ya fi fitowa daga Haɗeja a fagen rubutacciyar waƙa shi ne Mu'azu Haɗeja, malamin makarantar boko wanda bai yi tsawon rai ba, ya rasu a shekarun 1950. An buga waƙoƙinsa a Zariya cikin littafin Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, wanda ɗaliban Hausa suka daɗe suna nazari a makarantu. Ya rayu a lokacin da ƙasar ke sauya kama. Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a watan Afrilun 1906. Layin dogo daga Kano ya bi ta Malam Madori ya kai Nguru a 1930, cinikin gyaɗa ya kawo kuɗi da baƙi, rayuwar bariki ta kunno kai da abin da ke cikinta.

Waƙoƙinsa sun taɓo yabon Ubangiji, biyayya ga iyaye, riƙon gaskiya, neman ilimi da tarihin masu tutocin jihadi. Ya yi waƙa a kan shan giya, ya yi wata a kan karuwanci, da harshe mai kaifi wanda ba ya ɓoye-ɓoye. Abin lura shi ne inda ya dosa da wannan kaifi. Hali yake sara. Yakan zana mashayi da mai zaman kanta yadda duk wanda ya ji zai gane hoton, ya nuna asarar da halin ke jawowa a duniya da abin da ke biye a lahira, amma hoton na kowa ne da ya sa kansa a cikinsa. Ya ɗauko tsohuwar hanyar wa'azin ajami ya zuba ta cikin rubutun boko, ya fuskanci cututtukan zamaninsa da ita, bai kuwa sauya ƙa'idarta ba.

Dante da ayyukansa

An haifi Dante a birnin Fulorans a 1265. Ya fara suna da littafin Vita Nuova, tarin waƙoƙi da sharhi a kan ƙaunar da ya yi wa Biyatiris, wadda ta rasu a 1290. Ya shiga siyasar garinsu har ya zama ɗaya daga cikin shugabannin majalisar birnin a 1300. Garin ya rabu gida biyu, ɓangaren da Paparoma Bonifas na Takwas ke mara wa baya ya yi nasara, aka yanke wa Dante hukuncin kora a 1302, aka ƙara da cewa in ya dawo za a ƙone shi. Bai sake taka Fulorans ba. Ya yi ta zaman baƙunta a fadojin sarakunan arewacin Italiya har ya rasu a Rabenna a watan Satumban 1321.

A zaman gudun hijira ya yi manyan rubuce-rubucensa. Ya rubuta littafi da Latin yana kare martabar harshen da jama'a ke magana da shi a gida. Ya rubuta wani a kan mulki, inda ya ce ikon sarki ba daga hannun Paparoma yake fitowa ba, abin da ya sa coci ta haramta karanta littafin daga baya. Babban aikinsa shi ne doguwar waƙar da ya kira Commedia, wadda na baya suka ƙara mata kalmar girmamawa ta zama Divina Commedia. Tana da babi 100 da layuka 14,233, an tsara ta uku-uku da amsa-amo mai sarƙe da juna. Kashi uku ce: Wuta mai babi 34, Dutsen Tsarkakewa mai babi 33, da Aljanna mai babi 33.

Labarin tafiya ce da mawaƙin ya ce ya yi a shekarar 1300. Birjil, tsohon mawaƙin Rum, ya yi masa jagora cikin wuta mai hawa tara da ke gangarawa ƙasa tana tsukewa kamar mazurari, sannan suka hau dutse mai matakai bakwai inda, bisa aƙidar Katolika, ake wanke masu tuba daga sauran dattin zunubi. Daga nan Biyatiris ta karɓe shi zuwa sammai. Tsarin azabar ya ginu a kan cewa horo kan ɗauki kamannin laifi. Waɗanda sha'awa ta kaɗa a duniya, guguwa ke ta wujijjiga su ba hutu. Bokaye masu da'awar ganin gobe, an juya musu fuska ta koma ƙeya. Munafukai na sanye da alkyabbar darma mai nauyi wadda aka shafe bayanta da zinariya. Ma'aikata masu cin hanci na nutse cikin tafasasshen kwalta. Can ƙarƙashin ƙasa kuwa, maciya amana ne daskare cikin ƙanƙara.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Abu na farko shi ne harshe. A zamanin Dante, Latin ne harshen malamai da coci, kamar yadda Larabci yake a zaure. Ya ajiye shi ya rubuta mafi girman batu da harshen mutanen Tuskani, wanda masu sana'a da mata ke ji. Shawarar da Shehu da 'ya'yansa suka yanke ke nan, bisa hujjar cewa sanin abin da ke jiran mutum bayan mutuwa wajibi ne a kan kowa, don haka dole a faɗa masa da harshen da ya sha a nono. A ɓangarorin biyu, sakamakon ya wuce abin da aka nufa da farko. Harshen Dante ya zama tushen daidaitaccen Italiyanci. Waƙoƙin wa'azi da na karantarwa su ma sun horar da Hausa ta iya ɗaukar tauhidi da fiƙihu da tarihi cikin ma'aunin waƙa, tun kafin zuwan boko.

Abu na biyu shi ne dacewar sakamako da aiki. Bahaushe ya riga ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A hadisin mafarkin Manzon Allah (SAW) da Samura ɗan Jundubu ya ruwaito cikin Sahihul Buhari, an nuna maƙaryaci ana tsaga masa baki, mai cin riba yana iyo cikin kogin jini, mazinata cikin wani abu mai kama da tanderu. Daga irin waɗannan nassoshi mawaƙan Hausa suka ɗebo siffofin da suke bayarwa, tare da ƙofofin wuta bakwai da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Hijri, da sunaye irin su Jahannama, Saƙara da Hawiya, da Mizani da Siraɗi.

Abu na uku shi ne haɗa tsoratarwa da kwaɗaitarwa. Malamai sun kwatanta tsoron Allah da fatan rahamarsa da fukafukan tsuntsu biyu, kuma Imam Gazali ya ware musu babi guda a Ihya'u. Cikakkiyar waƙar wa'azi ba ta barin mai sauraro a bakin wuta; takan kai shi ga tuba, ceton Annabi da ni'imar Aljanna. Dante ma bai tsaya a wuta ba, ko da yake kashin farko ya fi shahara. Kashi biyu cikin uku na waƙarsa a kan tuba da rahama ne, har ya nuna mutanen da suka tsira saboda nadamar da suka yi a numfashin ƙarshe.

Inda suka rabu

Dante ya cika lahirarsa da mutane na gaske, da sunayensu da garuruwansu. Ya sa Paparoma Nikolas na Uku cikin rami, kai a ƙasa, ƙafafu na ci da wuta, saboda sayar da muƙaman addini, ya kuma sa shi yana jiran isowar Bonifas na Takwas, wanda a shekarar da aka ce an yi tafiyar yana nan da ransa. Ya sa manyan Fulorans da yawa a wuta, har da malaminsa Burunetto Latini, wanda yake girmamawa. Akwai wani mutumin Jenowa da ya ce ruhinsa ya riga ya isa ƙanƙara alhali gangar jikinsa na yawo a duniya. Wannan ne ya ba waƙar ƙarfinta na adabi, domin kowane mai laifi yana da fuska da murya da labari. Shi ne kuma ya ɗora wa mawaƙin nauyin da ɗan'adam ba zai iya ɗauka ba.

Mawaƙin wa'azi na Hausa yana da abin da ya hana shi bin wannan hanya, kuma abin aƙida ne. A littattafan tauhidin Ahlus Sunna, ciki har da Aƙidar Ɗahawi, ƙa'ida ce cewa ba a yanke wa ayyanannen mutum wuta ko Aljanna sai wanda nassi ya ambata, kamar Fir'auna da Abu Lahabi a ɓangare guda, da sahabbai goma da aka yi wa bushara a ɗaya ɓangaren. Dalilan a fili suke. Ayyuka da ƙarshensu ake auna su, kuma babu wanda ya san yadda wani zai cika. Niyya a zuci take, inda ido ba ya kaiwa. Rahamar Allah kuma ba a hannun bawa take ba. A Sahihu Muslim an kawo labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai aka gafarta wa wancan, shi kuma aka rushe aikinsa. A Buhari da Muslim an kawo labarin karuwar da aka gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya san wannan hadisi zai iya tsara baiti ɗari yana sukar karuwanci, amma ba zai iya nuna mace guda ya ce ga makomarta ba.

Tarihin Haɗeja ya ba da misalin da ya dace. Sarki Buhari, wanda ya hau gado a 1848, ya bijire wa Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya gwabza da rundunonin da aka tura masa, ya addabi maƙwabta da yaƙi har ya rasu a 1863 sakamakon yaƙi a ƙasar Bade. Inda dakarunsa suka yi ɓarna ana tuna shi da wata fuska, a Haɗeja ana tuna shi da jarumta. Mawaƙi irin Dante da ya fito daga ɗaya ɓangaren zai ba shi gurbi a wuta, na ɗaya ɓangaren ya ba shi gurbi a sama, kowanne bisa garin da aka haife shi. Masana tarihi suna da damar auna ayyukansa su faɗi daidai da kuskure. Makomarsa kuwa an bar wa Mai shi. Sarki Muhammadu, wanda ya faɗi a yaƙin 1906, jama'a na kiransa Mai Shahada, kuma wannan kyautata zato ne da fata, irin wanda addini ya yarda a yi wa mamaci. Al'adar ta buɗe ƙofar yi wa mamaci fatan alheri da sunansa, ta rufe ƙofar la'antarsa, bisa hanin da ya zo a hadisi na zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Dante da Musulunci

Babu inda haɗarin hanyar Dante ya fito fili kamar a babi na 28 na kashin farko, inda ya ambaci Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Ali da ɓatancin da babu Musulmin da zai karɓa. Tushen abin shi ne gurguwar fahimtar Turawan zamaninsa, zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, waɗanda suka ɗauki Musulunci a matsayin ɓaraka daga Kiristanci. Lokacin da Hasan Usman na Masar ya fassara waƙar zuwa Larabci, kashin farko ya fito a 1959, ya cire waɗannan layuka. Mutum mai zurfin ilimi da ƙwarewar harshe irin Dante ya yanke hukunci da abin da zamaninsa ya ba shi na sani, sai hukuncin ya fito zalunci tsantsa. Wannan kaɗai ya isa hujja ga ƙa'idar da malaman Musulunci suka kafa.

Duk da haka, bashin da ke kansa na malaman Musulmi bai ɓoyu ba. A babi na 4 ya sa Ibn Sina da Ibn Rushdi tare da manyan masanan Girka, ya sa Salahuddin Al'ayyubi kusa da su, a wani wuri na gefe da babu azabar jiki. A 1919 wani malamin Sifaniya, Miguel Asin Palacios, ya wallafa littafi yana nuna kamannin da ke tsakanin waƙar da ruwayoyin Isra'i da Mi'iraji. An yi masa ca a Italiya. Daga baya, a 1949, aka buga wani tsohon littafin labarin Mi'iraji wanda aka fassara daga Larabci a fadar Sarki Alfonso na Goma na Kastila, aka kuma mayar da shi Latin da Faransanci wajen 1264, shekara guda kafin haihuwar Dante. Wannan ya tabbatar da cewa labarin ya shiga Turai a lokacin. Ko Dante ya karanta shi da kansa, masana na ci gaba da muhawara.

Hujjar masu son a ambaci suna

Akwai ƙorafi mai nauyi a kan wa'azin da ba ya kama suna. Masu shi na cewa azzalumi kan zauna a sahun gaba yana gyaɗa kai, yana ganin da wani ake. Laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani. A ganinsu, ƙarfin halin Dante na tunkarar Paparoma da sarakuna shi ne abin da talaka ke buƙata daga mawaƙi, kuma misali mai suna ya fi shiga jiki, domin sai an ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta ake shafa wa nasa ruwa.

Amsar ta dogara ne a kan rarrabe hukunci biyu. Hukunta aiki a duniya abu ne da shari'a ta buɗe ƙofarsa. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, ciki har da kai ƙarar zalunci da gargaɗin jama'a daga mai cutarwa. Malaman jihadi ba su yi wa masu mulki shiru ba. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya tsara da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ta fuskanci sarakuna, alƙalai da masu tauye mudu kai tsaye, kuma da mutanen sabuwar daular take. Abdullahi ɗan Fodiyo ya soki abokan jihadinsa da suka karkata ga duniya. A ƙarni na 20, mawaƙan siyasa irin su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu sun faɗa wa masu iko gaskiya ba tare da tsoro ba. Abin da aka hana shi ne tsallakawa daga "wannan aiki zalunci ne" zuwa "wannan mutum ɗan wuta ne".

Barin suna kuma yana da tasa hikimar ta tarbiyya. Hausa na da zambo, wanda makaɗan fada ke yi wa abokin hamayyar ubangidansu, kuma amfaninsa dariya ce da jin daɗin masu kallo. Da zarar an kama suna a wa'azi, ya koma zambo, masu sauraro sun zama 'yan kallo, kowa ya sami wanda zai nuna da yatsa. In an bar hoton babu suna, kowa sai ya auna shi da kansa, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ana son mai sauraro ya tashi daga majalisi yana tuhumar kansa, ƙofar tuba kuma na buɗe gare shi ba tare da an kunyata shi a bainar jama'a ba.

Abin da ya wanzu

Gadon Dante a Turai mai faɗi ne. Tun a 1373 marubuci Bokaciyo ya fara karantar da waƙar a bainar jama'a a Fulorans, garin da ya kori mai ita. An fara buga ta a 1472. Masu zane da sassaƙa sun yi ta ɗebo hotuna daga cikinta. An kafa ƙungiyar yaɗa harshen Italiya da sunansa a 1889, hotonsa na kan kwabon Yuro biyu na ƙasar, kuma daga 2020 ana bikin ranarsa kowace 25 ga Maris. A duniyar Musulmi, masana kan kwatanta waƙar da Jawid Nama ta Muhammad Iƙbal, wadda ta fito a 1932, inda Jalaluddin Rumi ya zama jagoran tafiya cikin sammai. Yawancin mutanen da Dante ya hukunta an manta da su, sai mai karatu ya duba sharhi kafin ya san ko su wane ne. Abin da ya rage da rai shi ne siffar halayensu, wato kwaɗayi, munafunci da cin amana, waɗanda kowane zamani ke ganewa ba tare da sharhi ba.

Gadon wa'azin Hausa ba shi da gunki ko kwabo. Yana cikin manhajar makarantu, inda ake nazarin waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da na Aliyu Namangi, yana cikin gidajen rediyo da wayoyin hannu, yana cikin makarantun Islamiyya na matan aure da suka gaji aikin jajoji. Yana kuma cikin maganar yau da kullum. A zaman makoki a Haɗeja, ko mamacin mutumin kirki ne ko an san shi da wani hali, abin da mai ta'aziyya ke faɗa ɗaya ne: Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.